Baƙo da Mai Masauki: Ladubban Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Dutse, Tare da Waiwayen Al'adar Japan

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin tafiya, ya kuma daɗe da sanin baƙo. Tun kafin zuwan mota da jirgi, fatake suna keta ƙasar Hausa daga Borno zuwa Gwanja, almajirai suna tafiya gabas neman karatu, maniyyata kuma suna bi ta ƙasa zuwa Makka, wasunsu su yi shekaru kafin su komo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matafiya yana da gurbinsa a cikin al'ada: an san inda zai sauka, an san wanda zai karɓe shi, an kuma san abin da ake bukata daga gare shi. A zamanin nan kuwa an sami wani sabon matafiyi wanda ba fatauci ya fito da shi ba, ba karatu ba, ba kuma ziyarar dangi ba. Shi ne ake kira ɗan yawon buɗe ido.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ladubban da suka wajaba a kan irin wannan baƙo idan ya zo ƙasar Dutse da kewayenta, a tsakiyar Jihar Jigawa, da kuma nuna cewa a al'adar Hausawa kiyaye ladabi da samun aminci abu guda ne, domin duka biyun sun rataya ne a kan dangantakar baƙo da mai masaukinsa. Daga baya za a waiwayi ƙasar Japan, wadda ta shahara da tsananin kiyaye ladubba, ta kuma fuskanci ambaliyar 'yan yawon buɗe ido a 'yan shekarun nan, domin a ga abin da kwatancin zai haskaka.

2.0 Baƙo a Harshe da Al'ada

Kalmar baƙo tana ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda wasu harsuna kan raba su. Ta farko ita ce mutumin da ya zo wurin wani aka karɓe shi, kamar a ce, "Malam ya yi baƙi." Ta biyu ita ce wanda ba a sani ba, ko abin da ba a saba da shi ba, kamar a ce baƙuwar fuska, ko baƙuwar al'ada, ko baƙon yanayi. Haɗuwar ma'anonin nan a kalma ɗaya tana nuna yadda Bahaushe yake kallon lamarin: wanda ba a sani ba, muddin ya shigo ta hanyar da ta dace, ya zama abin karɓa da girmamawa.

Karin magana ya ƙara fito da wannan fahimta. Ana cewa baƙonka annabinka, watau hakkinsa mai nauyi ne. Ana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, watau sakin fuska ya fi kayan alatu. Amma kuma ana cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, domin a tuna wa baƙo cewa zamansa na ɗan lokaci ne, bai kamata ya ɗauki kansa daidai da waɗanda ya tarar ba. Sa'an nan ana cewa baƙo ko da ido makaho ne, kuma da ɗan gari akan ci gari. Karin maganganu biyu na farko suna magana ne da mai masauki, sauran kuwa da baƙo. Ke nan hakki ne mai fuska biyu.

Wannan tunani bai tsaya a baki ba, ya haifar da tsari. A garuruwan da ke kan hanyar fatauci akwai zango, inda ayari kan sauka, da sarkin zango mai kula da shi. Akwai fatoma, wanda kan saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. A unguwar Sabo ta Ibadan irin wannan mutum shi ake kira maigida, kuma a kansa cinikin goro da na shanu ya dogara. A fada ma baƙo ba ya isa gaban sarki sai ta hannun wani bafade ko hakimi, wanda ake kira ƙofarsa. Abin lura a nan shi ne mai masauki jingina mutuncinsa yake yi. Idan baƙonsa ya yi ɓarna, shi za a tambaya. Idan kuma an cuci baƙon, shi aka ci wa fuska, shi kuma zai bi kadi. Saboda haka tambayar farko da akan yi game da sabuwar fuska a gari ita ce, "Baƙon wane ne?"

Ɗan yawon buɗe ido shi ne baƙon da wannan tambaya ba ta da amsa a kansa. Otal yake sauka, kuɗi yake biya, ba ya cikin amanar kowa. Hatta sunan da aka raɗa masa yana da ɗan nauyi a kunnen dattawa, domin kalmar yawo ta fi zuwa a wurare marasa daɗi, kamar yawon banza da yawon dandi da yawon duniya. Sai da aka jingina ta da buɗe ido sa'an nan ta sami daraja, ta kusanci abin da ake nufi da cewa tafiya mabuɗin ilimi.

3.0 Ƙasar Dutse da Baƙinta

Dutse tsohon gari ne. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci a 1908, ya ambace shi tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja (1438–1452). Tsohon garin, watau Garu, yana tsakanin duwatsu, kuma a nan fadar sarki take. Dutse ta daɗe a ƙarƙashin Kano. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga ta zuwa masarauta mai cin gashin kanta a 1981, aka soke wannan mataki a 1983, sa'an nan martabar ta dawo bayan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 da buɗe filin jirgin sama a 2014 sun ƙara yawan masu shigowa daga nesa.

Baƙi daga ƙetare ba sabon abu ba ne a wannan yanki. A watan Janairu na 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya biyo hanyar Katagum zuwa Kano, ya kuma ambaci duwatsun da garin Dutse ya samo suna daga gare su. A watan Maris na 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Gumel a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa. Su biyun sun bi tsarin da suka tarar: sun ɗauki sunayen da mutane za su iya kira, Clapperton ya zama Abdullahi, Barth ya zama Abdulkarim, sun riƙe takardun gabatarwa daga wani sarki zuwa wani, sun kuma kai gaisuwa duk inda suka sauka. A Sakkwato Waziri Giɗaɗo ne ya zama mai masaukin Clapperton. Da ya komo karo na biyu, a 1826, ya tarar Sakkwato da Borno suna yaƙi, alhali yana ɗauke da saƙo zuwa ga Shehun Borno, sai aka karɓe saƙon, tarbar kuma ta yi sanyi. A can ya rasu a watan Afrilu na 1827. Labarinsa yana nuna cewa darajar baƙo ba a jikinsa kaɗai take ba, tana tafiya ne da fahimtarsa ga halin da masu masaukinsa suke ciki.

Abubuwan da kan jawo baƙon yau sun haɗa da hawan salla, da tsohon garin Garu, da gonakin dabino da kasuwar Shuwarin, da kuma zane-zanen duwatsu na Birnin Kudu.

4.0 Ladubban da ke Kan Baƙo

4.1 Sallama da Zaure

Gidan Bahaushe na gargajiya ya kasu kashi biyu, waje da ciki, kuma zaure ne iyakarsu. Namijin da ba muharrami ba yakan tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, ko ya aiki yaro ya ce ana sallama da maigida. Idan ya yi sau uku ba a amsa ba, sai ya juya, kamar yadda addinin Musulunci ya koyar. Idan maigida ya fito, a zaure ko a dakalin ƙofar gida za a shimfiɗa tabarma, baƙo ya tuɓe takalmi kafin ya hau. Rubutun "ba shiga" da akan gani a bangon wasu gidaje tunatarwa ce kurum ga abin da kowa ya riga ya sani. Baƙuwa mace kuwa tana da damar da namiji ba shi da ita, domin takan yi sallama ta wuce cikin gida kai tsaye. Idan ayarin baƙi ya haɗa maza da mata, raba su da akan yi a ƙofar gida ba wulaƙanci ba ne.

4.2 Gaisuwa

Ba a fara magana da bukata. Ko tambayar hanya mutum zai yi, sai ya gabatar da sallama da gaisuwa. Gaisuwar kuwa tana da tsawo: a tambayi kwana ko wuni, a tambayi gajiya, da aiki, da iyali, da sanyi ko zafi ko ruwa gwargwadon lokaci. Amsar kullum ta alheri ce, "lafiya lau", "ba gajiya", "da godiya", ko da mai amsawa yana cikin damuwa, domin bayanin matsala yana zuwa ne bayan an natsu. Ƙarami shi ke fara gaida babba, ya rusuna ko ya durƙusa, kuma ba ya riga shi miƙa hannu. Namiji ba ya miƙa wa mace hannu. Bayarwa da karɓa da ci duka da hannun dama ake yi.

Harshen kansa yana da hanyoyin girmamawa. Akan yi amfani da jam'i ga mutum ɗaya, a ce, "Kun zo lafiya?" ko a sakaya, a ce, "An zo lafiya?" Ba a kiran dattijo da gundarin sunansa, sai a ce Malam, ko Alhaji, ko Baba, ko a kira sarautarsa. Ba a tambayar mutum sunan matarsa, sai a ce, "Yaya iyali?" Haka nan tambayar yawan 'ya'ya ko yawan dabbobi ba ta da daɗin ji, kuma iyaye da yawa, musamman a karkara da cikin Fulani, suna yi wa ɗan fari alkunya, ba sa faɗin sunansa. Baƙon da ya nace da irin waɗannan tambayoyi zai ga ana murmushi ana kauce masa.

A nan ne ya kamata a ja hankali ga wata matsala ta fahimta. Bahaushe ba ya son ya ce wa baƙo a'a ƙiri-ƙiri. Maimakon haka sai ya ce "to", ko "sai an duba", ko "Allah ya kai mu". Wanda ya koyi Hausa daga littafi yakan ɗauki waɗannan a matsayin amincewa, alhali sau da yawa ƙi ne da aka lulluɓe da kara. Ɗan gari ne kaɗai zai iya fassara masa su.

4.3 Fada da Masu Sarauta

Mulkin gargajiya hawa-hawa ne, daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki. Baƙon da ke son ya zagaya ƙauye, ko ya hau wani dutse, ko ya yi hira da dattawa, ya kamata ya fara da gaida dagaci ko mai unguwa, ya bayyana abin da ya kawo shi. Galibi za a haɗa shi da wanda zai yi masa jagora, daga wannan lokaci kuwa ya zama baƙon mai gari. Wannan ziyara ta 'yan mintoci ita ce ke mai da ɗan yawon buɗe ido baƙo mai masauki.

A fadar sarki akan tuɓe takalmi tun daga nesa, a zauna a ƙasa, a yi gaisuwa da "ranka ya daɗe" ko "Allah ya ja zamanin sarki". Fadawa ne ke amsawa a madadin sarki, kuma ba a miƙa masa hannu sai in shi ya fara. Ranar hawan salla, lokacin da mahaya ke sukuwa su zo su yi jinjina, wajibi ne mai kallo ya tsaya inda dogarai suka nuna masa. Tsallaka fili domin neman hoto rashin ladabi ne, hatsari ne kuma, don dokin da ya taho a sukwane ba ya tsayawa nan take.

4.4 Abinci, Kyauta da Rakiya

Abu na farko da akan kawo wa baƙo shi ne ruwa, wani lokaci da fura, tun kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Ko ba ya jin ƙishirwa, ya kyautu ya karɓa ya kai baki. Idan yana tsoron ruwan da cikinsa bai saba da shi ba, sai ya karɓa da godiya ya ba da uzuri a hankali. Idan an kawo abinci akan bar baƙo shi kaɗai ya ci, don kada kunya ta hana shi ƙoshi, bai kamata ya ɗauka guje masa aka yi ba. Mai cin abinci kuma yakan ce wa duk wanda ya tarar da shi "bismilla", amsar da aka saba bayarwa ita ce "alhamdu lillahi" ko "a ci lafiya".

Biyan kuɗin abincin da aka ci a gidan mutum cin fuska ne. Hanyar sakayya ita ce tsaraba, kamar goro ko turare ko sabulu, da ɗan abin da akan ba yaran gida, da kuma tukwici ga wanda aka aiko da kyauta, domin yaba kyauta tukwici. Idan baƙo zai tafi sai ya yi sallama, maigida ya taka masa. Abin sha'awa ne cewa kalma ɗaya, sallama, ita ke buɗe ziyara ita ke rufe ta: da ita ake neman izinin shiga, da ita ake neman izinin tafiya, kuma kyautar da akan yi wa mai tafiya ita ma sallama ake ce mata.

4.5 Sutura, Ibada da Hoto

Mafi yawan mutanen wannan yanki Musulmi ne, kuma Jihar Jigawa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Saboda haka shan giya a fili, da shigar da ke bayyana jiki, da rungumar juna tsakanin mace da namiji a bainar jama'a, abubuwa ne da ke jawo ƙyama, wani lokaci har da hukunci. Ba a gilmawa ta gaban mai salla. Ranar Juma'a sahu kan fito har kan titi, sai mai mota ya jira ko ya sake hanya. A watan azumi kuma ladabi ne wanda ba ya azumi ya ci abincinsa a keɓe.

Hoto shi ne babban abin da ke haɗa baƙon zamani da mutane rigima. A da mai ɗaukar hoto yakan tafi da shi ƙasarsu ya ajiye, yanzu kuwa kafin ya bar wurin hoton ya shiga intanet. Matar aure da aka ɗauka a bakin rijiya, ko almajiri da ƙoƙon bara, ko dattijo a rumfar kasuwa, kowannensu yana da mutuncin da yake karewa. Ƙa'idar ita ce a nemi izini, a kuma gane cewa shiru ko juya fuska ƙi ne. Haka nan ba a ɗaukar hoton jami'an tsaro da shingayensu.

Duwatsun Birnin Kudu suna bukatar kulawa ta musamman. A shekarun 1950 ne masana, musamman Bernard Fagg, suka bayyana wa duniya zane-zanen da ke Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Galibinsu siffofin shanu ne marasa tozo, saɓanin shanun da ake kiwo a yankin yanzu, abin da ke nuna daɗewarsu. A kusa da su akwai duwatsun da ke amo kamar ganga idan an buga su, kuma an ruwaito cewa amare da ƙawayensu kan je can a lokacin biki. Wuraren suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Taɓa zanen da hannu, ko zuba masa ruwa don ya fito a hoto, ko rubuta suna a gefensa, ɓarna ce da ba ta gyaruwa.

5.0 Kiyaye Lafiya da Aminci

Yanayin ƙasar yana da nasa sharuɗɗan. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, lokacin ne kuma sanƙarau ya fi yaɗuwa. Da damina sauro kan yi yawa, zazzaɓin cizonsa kuwa ya fi tsanani ga wanda jikinsa bai saba ba, saboda haka gidan sauro da maganin rigakafi wajibi ne. Ruwa kan yanke hanyoyi, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 wadda ta yi ɓarna mai yawa a jihar. Da hunturu kuma hazo kan rage gani a hanya, ya kuma jinkirta tashin jirage. Ana bukatar shaidar allurar shawara daga mai shigowa Nijeriya.

Hanya ita ce wurin da hatsari ya fi yawa. Tafiyar dare ba ta da kyau ga wanda bai san gari ba. Haka nan cincirindo a wurin da mota ta faɗi abin gudu ne: a watan Oktoba na 2024 wata tankar mai ta kife a garin Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura, ta kama da wuta bayan jama'a sun taru, fiye da mutum 150 suka rasu.

Duk waɗannan matakai suna komawa ne ga mai masauki. Shi ya san hanyar da ruwa ya cinye, da wadda ba a bi bayan magariba, da ranar da kasuwa ke ci, da maganar da ba a yi a bainar jama'a, musamman wadda ta shafi addini. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya sami wanda zai tambaya, shi kuwa ba ya samuwa sai ta hanyar gaisuwa da ladabi.

6.0 Waiwayen Al'adar Japan

Japan tsibirai ne a gabashin Asiya, nesa ƙwarai da ƙasar Hausa, babu kuma wata alaƙar tarihi da za ta sa al'adunsu su yi kama. Duk da haka kamannin suna da yawa. Mutanen Japan suna rarrabe ciki da waje, abin da suke kira uchi da soto, a gini da kuma a magana. A ƙofar kowane gida akwai wani ɗan fili mai suna genkan, inda ake tuɓe takalmi, wanda aikinsa ya yi kusa da na zaure. Gaisuwarsu rusunawa ce, zurfinta gwargwadon girman wanda ake gaisarwa. Harshensu yana da kalmomi na musamman don girmama na gaba. Matafiyi ba ya komawa gida sai da omiyage, watau tsaraba. Su ma ba sa son faɗin a'a kai tsaye, sukan ce abin yana da ɗan wuya, wanda daidai yake da "sai an duba".

Bambance-bambancen kuwa su ne suka fi koyar da darasi. A Japan ba a ba ma'aikacin otal ko na gidan abinci tukwici, ana ganin hakan bai dace ba, a ƙasar Hausa kuwa hana shi rowa ce. A jirgin ƙasa na Tokiyo shiru shi ne ladabi, a motar haya ta Dutse zuwa Kano kuwa wanda ya shiga bai yi sallama ba shi ne marar tarbiyya. Wankan taro a maɓuɓɓugar ruwan zafi, maza daban mata daban, ba tare da sutura ba, al'ada ce mai daraja a can, a nan kuwa tsiraici ne. Giya a can abin ƙulla zumuncin abokan aiki ce. Soka tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa abin ƙi ne a wurinsu, domin haka ake yi wa mamaci. Wannan yana nuna cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba, domin abin da yake ladabi a wani gari shi ne rashin kunya a wani. Mutanen Japan suna da karin maganar da ke umartar wanda ya shiga ƙauye ya bi al'adar ƙauyen, Bahaushe kuma ya ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura.

Darasi mafi girma yana cikin abin da ya faru da yawan baƙi ya wuce kima. Ƙasar da ta taƙaita hulɗa da ƙetare fiye da shekara 200, har zuwa 1853, ta karɓi baƙi kusan miliyan 32 a 2019, da kusan miliyan 37 a 2024. A unguwar Gion ta birnin Kiyoto masu yawon buɗe ido sun riƙa bin mata masu sana'ar nishaɗin gargajiya suna ɗaukar su hoto ba izini, har a 2019 mazauna unguwar suka hana hoto a lungunansu tare da tarar yen 10,000, a 2024 kuma suka hana shiga wasu lungunan gaba ɗaya. A shekarar 2024 ɗin dai, hukumar garin Fujikawaguchiko ta kafa baƙin labule a bakin wani titi don tare hangen Dutsen Fuji, saboda masu hoto sun addabi mazauna wurin. Ladabin da a da ake koyo a gida ya koma allon gargaɗi da tara, domin baƙin sun zo ba ta hannun kowa ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa al'adar Hausawa ta tanadi tsari cikakke na karɓar baƙo, wanda ginshiƙinsa shi ne mai masauki, kuma ladubban sallama da gaisuwa da tsaraba su ne hanyar shiga wannan tsari da samun kariyarsa. An kuma ga cewa ɗan yawon buɗe ido yana zuwa ne ta wajen tsarin, kuma misalin Japan ya nuna inda hakan kan kai idan baƙi suka yi yawa.

Ƙasar Dutse ba ta kai wannan matsayi ba, don haka akwai sauran lokacin shiri. Ya kamata masarautu da hukumomin al'adu su horar da 'yan jagora daga cikin 'yan gari, waɗanda za su tsaya a gurbin fatoma na da, su kai baƙo gaban mai gari kafin su kai shi gaban dutse. Ya kamata sassan koyar da Hausa su tattara kalmomin gaisuwa da na fada da na sakaya zance kamar yadda ake faɗarsu a Dutse da Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun, tun dattawan da suka san su suna raye. Masu rubuta littattafan koyar da Hausa ga baƙi kuma su sani cewa koya wa ɗalibi ma'anar "to" a ƙamus bai wadatar ba, sai an koya masa lokacin da take nufin amincewa da lokacin da take nufin a haƙura.